An ce a haɗa Baba da masu faliyatif, an sallama shi kenan?

Wata 'yar'uwa ce ta turo min tambaya. Ta ce mahaifinta na fama da ciwon daji na huhu wanda ya riga ya bazu har ƙashi, likitansu ya ce zai haɗa su da ɓangaren faliyatif, ya ambaci hosfis nan gaba, ya kuma rubuta masa mofin, wani maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi. Yayanta ya ce ai dabarar likitoci ce in sun gaji da mutum, a ture shi gefe ya jira mutuwa, kuma shi bai yarda a ba Baba mofin ba. Ga shi har yanzu ba su faɗa wa Baban ainihin abin da ke damunsa ba. Ita dai so take ta sani, an sallama shi ne?

Sannunku da jinya 'yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi ya ba ku ladan ɗawainiya. Ni nas ce, na daɗe a wannan ɓangaren, kuma wallahi maganar nan ta yayanki na ji ta ba adadi, har ma ba na jin haushinta yanzu, don na san soyayya ce da tsoro suka haɗu suka fito a haka. Amsar a taƙaice: ba a sallama shi ba. Amma ba zan ruɗe ki ba, ciwon daji na huhu in ya kai ƙashi yawanci ba a maganar warkewa kwata-kwata, ana maganar danne shi ne da sauƙaƙa wa mutum. Abin da nake so ki riƙe shi ne, cewa ciwo ba zai warke ba daban, cewa babu abin da za a yi daban. Na biyun ban taɓa ganin inda ya zama gaskiya ba, ko da kwana ɗaya ya rage wa mutum akwai aikin yi a kansa.

Bari in raba miki kalmomin biyu tukuna don mutane na cakuɗa su. Faliyatif kulawa ce da ake ba duk mai ciwo mai tsanani da ke barazana ga rayuwa, ba ciwon daji kaɗai ba, har ciwon zuciya da ya yi nisa, ciwon ƙoda, ciwon huhu mai daɗewa, ciwon mantuwa na tsufa, har yara ƙanana ma akwai nasu. Ana iya fara ta tun ranar da aka gano ciwon, kuma tana tafiya tare da kemo, wato maganin yaƙar ciwon daji, ko gashin rediyoterafi ko duk wani magani da ake yi, ba sai an daina komai ba. Hosfis kuma shi ne sashen ƙarshe na wannan kulawar, lokacin da aka ga maganin yaƙar ciwon ya daina amfani ko wahalarsa ta fi amfaninsa. Kuma hosfis ba lallai gini ba ne, a wurare da dama a gida ake yin sa, ma'aikata ne ke zuwa su duba. A Amurka misali, tun 1982 aka sa shi cikin inshorar lafiya ta gwamnati ta tsofaffi, sharaɗin shi ne likitoci su tabbatar cewa in ciwon ya bi hanyarsa mutum bai fi wata shida ba. To amma wata shidan hasashe ne kawai, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shiga hosfis a gidansa a Fabrairun 2023, bai rasu ba sai ƙarshen Disamban 2024 yana da shekara 100. Kuma mutum na iya fita daga tsarin in ya samu sauƙi ko ya canza ra'ayi. Ka'idojin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan ku tambayi likitanku yadda yake a inda kuke.

Ki faɗa wa yayanki wannan, don a kan irin ciwon Baba aka yi shi. A 2010 an fitar da wani bincike da aka yi a asibitin Massachusetts General da ke Boston a Amurka, Dakta Jennifer Temel ce ta jagoranta. Sun ɗauki mutum 151 da aka gano suna da ciwon daji na huhu wanda ya bazu, aka raba su gida biyu, rabi aka ba su maganin daji yadda aka saba, rabi kuma maganin daji tare da ganin masu faliyatif tun farko. Waɗanda suka samu faliyatif sun fi jin daɗin rayuwarsu, baƙin ciki mai tsanani ya yi ƙasa a cikinsu, waɗanda aka yi ta jijjigawa da magunguna masu ƙarfi a kwanakin ƙarshe a cikinsu ba su kai na ɗaya ɓangaren yawa ba, sannan abin da ya ba kowa mamaki, sun ma fi daɗewa, kusan wata 11.6 a tsakatsaki, su kuma ɗaya ɓangaren wata 8.9. Ba ina miki alkawarin ƙarin kwana ba ne, kwana na Allah ne, kuma bincike ɗaya ba ya zama doka a kan kowa. Amma dai ya isa ya nuna cewa haɗa mutum da mu ba gajarta masa rai ba ne. Ni a nawa ganin ma likitanku ya kyauta da ya yi maganar yanzu, abin da ya fi ci min rai shi ne wanda za a kawo mana saura kwana biyu, ya sha azabar wata da watanni a banza, ba mu san shi ba bai san mu ba.

Wadda ta kafa wannan fanni a zamanance sunanta Cicely Saunders, 'yar Ingila. Ta fara da aikin nas, ciwon baya ya sa ta koma aikin kula da walwalar marasa lafiya, daga baya ta koma makaranta ta zama likita don a riƙa sauraron maganarta. A 1948 ta yi jinyar wani ɗan gudun hijira daga Poland mai suna David Tasma, da zai rasu ya bar mata fam 500 ya ce ta sa shi ya zama taga a gidan da take mafarkin ginawa. Sai 1967 ta buɗe hosfis na St Christopher's a Landan, a can ita ma ta rasu a 2005. Abu biyu ta kawo da har yau muke aiki da su. Na farko, a ba da maganin ciwo a kan lokaci kafin ciwon ya dawo, kar a jira sai mutum ya fara ihu. Na biyu, ta ce ciwon mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, akwai damuwar iyali da abin da zai bar su da shi, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk suna ƙara wa juna zafi. Na sha ganin mutumin da muke ta ƙara masa magani ciwo ya ƙi sauka, ashe ɗansa ne da suka yi shekaru ba sa magana, ranar da yaron ya zo ya zauna bakin gado, daren nan ko maganin ƙari bai nema ba. Shi ya sa ba likita da nas kaɗai ke tawagar ba, akwai mai ba da shawara, mai gashin ƙashi, mai haɗa magani, da malamin addinin da mutum yake bi in yana so. Ita kalmar faliyatif kuma wani likitan tiyata ne ɗan Kanada, Balfour Mount, ya sa ta a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da ya buɗe sashen a wani asibiti a Montreal, asalinta daga Latin ne, mayafi take nufi, abin da ake lulluɓa wa mutum.

Toh yanzu mofin, wanda na san shi ne ainihin rigimar gidanku.

Kin san me ya sa mutane ke cewa mofin na kashewa? Saboda tsoronsa ya sa ake jinkirta shi har sai mutum ya kai gargara, sai a ba shi yau ya rasu gobe, sai dangi su ce allurar nan ce. Ciwon ne ya kai shi, maganin ya zo a makare ne kawai. Ina da marasa lafiya da suka yi shekara suna shan mofin suna hira suna zuwa harkokinsu. In aka fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa daidai da ciwon, ba ya tsayar da numfashi, jiki na sabawa da shi a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta fitar da tsarin da ake bi kamar hawa tsani, a fara da irin su parasitamol, in bai yi ba a hau irin su kodin ko tiramadol, in bai yi ba a hau mofin, kuma in ciwon ya yi tsanani tun farko ba dole sai an taka kowane mataki ba. Ta baki aka fi so, a kan agogo. Na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara, yana riƙewa kamar awa huɗu, shi ya sa za ki ga an rubuta duk bayan awa huɗu. Akwai mai daɗewa na awa 12, shi wannan dan Allah kar a daka shi kar a tauna, in aka fasa shi maganin awa 12 ne zai shiga jiki lokaci ɗaya. Sannan ana ba da wani ɗan ƙari na ko-ta-kwana don ciwon da ke tasowa a tsakani, misali kafin a juya shi ko a yi masa wanka. Ki samu littafi ki riƙa rubuta lokacin da aka ba shi da sau nawa ya nemi ƙarin, da wannan littafin muke gane ko a ƙara ko a rage, ya fi min duk wani bayani na baki.

Matsalolinsa na gaskiya kuma ba zan ɓoye miki ba. Tashin zuciya da gyangyaɗi a kwanakin farko, yawanci suna wucewa cikin 'yan kwanaki. Wanda ba ya wucewa shi ne bayan gida, mofin na ɗaure ciki muddin ana shan sa, don haka duk wanda ya rubuta mofin dole ya haɗa da maganin sa bahaya, in an manta ki tuna musu, kar ki ji kunya. Na ga mutum yana murƙususu an ɗauka ciwon dajin ne ya motsa, ashe kwana tara bai zaga ba babu wanda ya tambaya. In kin ga barcin ya yi nauyi har da ƙyar ake tada shi, numfashi ya yi jinkiri sosai, jiki na fizga, ko ya fara ganin abubuwan da babu, ki tsayar da na gaba ki kira su nan take, musamman in ƙodarsa ba ta aiki da kyau don ta nan maganin ke fita. Batun zama ɗan ƙwaya kuma, mai shan sa saboda ciwo a ƙarƙashin kulawar likita da wuya ya faɗa wannan, jiki dai yana sabawa, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya sai a hankali. Abin da za ku kiyaye shi ne wurin ajiya, a kulle shi, yara da baƙi su yi nisa da shi.

Gaskiya ma matsalar duniya ba yawan mofin ba ce, rashinsa ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta ce kusan mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawar duk shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. A Yuganda, bayan Dakta Anne Merriman ta kafa hosfis a 1993 suna haɗa mofin na ruwa daga gari, sai da gwamnati ta canza doka a 2004 ta ba nas-nas da aka horar damar rubuta shi, don likitoci ba su isa ko'ina ba. Don haka in an rubuta wa Baba kuma ana samu, ku karɓa.

Kuma ba kowane ciwo mofin ke ji ba. Tunda kin ce ya taɓa ƙashi, ku tambaya ko za a iya yi wa wurin gashin rediyoterafi, sau da yawa zama ɗaya tak yana rage ciwon ƙashi sosai, ko da yake yakan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni kafin a ji daɗinsa. Ciwon jijiya mai kama da ƙuna ko jan lantarki shi kuma irin su amitriptilin ko gabapentin yake so. Ki riƙa tambayar Baba yadda ciwon yake, suka ne, ƙuna ne, nauyi ne, yaushe yake tashi, amsar tana canza maganin.

Sarƙewar numfashi ita ce za ta fi tsorata ku a ciwon huhu. Akwai wani dattijo da na yi jinya a gida, duk dare sai numfashi ya kama shi, ya riƙe ƙarfen gado yana zare ido, 'ya'yansa su taru a kansa kowa na salati da kuka, su rufe tagogi wai kar sanyi ya shige shi, shi kuma ganin tashin hankalinsu sai ya ƙara rikicewa. Abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne. Muka buɗe taga, muka tada shi zaune ya ɗan sunkuya gaba ya ɗora hannayensa a kan filo, muka sa 'yar ƙaramar fanka ta hannu tana hura masa fuska, muka ce mutum ɗaya kawai ya zauna a gefensa, ba a gabansa ba, ya dafa bayansa yana ce masa fitar da shi a hankali Baba, fitar da shi, ka bar shigarwar za ta zo da kanta. Aka haɗa da ɗan mofin kaɗan, don yana rage jin yunwar iskar nan. Cikin minti goma sha biyar sai ga kafaɗunsa sun sauko. Iskar da ke taɓa fuska tana rage wa ƙwaƙwalwa jin cewa ana shaƙewa, an gwada an gani. Oksijin kuma yana amfani in an auna an ga na jininsa ya yi ƙasa, in bai yi ƙasa ba sau da yawa bai fi fankar ba.

Sauran ƙananan abubuwa da hannunku za su iya: juya shi duk bayan 'yan awanni in ya kai ba ya iya juyawa da kansa, ki riƙa duba ƙugu da diddige da ƙasan baya, in kin ga ja wanda ba ya ɓacewa in an danna to gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa. Baki kuma a riƙa goge shi ana jiƙa shi, a shafa wa leɓe mai, in kin ga fari-fari a harshe ki faɗa, yana da magani. In akwai rauni mai wari, akwai metronidazol da ake sawa a kai, cikin kwana biyu uku warin ke raguwa, na ga matar da ta hana jikokinta shiga ɗakinta saboda kunyar wari, da aka yi mata wannan ta ce a kira su.

Akwai abubuwan da ba a jira da su ko da ana cikin faliyatif. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, ko fitsari da bahaya su kufce ko su ƙi fita, wannan na iya zama ciwon ya danne laka, awanni ne tsakanin mutum ya ci gaba da tafiya da ya kwanta, a kira likita a ranar. Zazzaɓi in yana kan kemo shi ma gaggawa ne. Ruɗewa farat ɗaya da ƙishirwa da yawan fitsari na iya zama sinadarin kalsiyam ne ya hau a jini, ana gyara shi. Kuma in ya fara fizge-fizge ya kasa kwanciya, kafin a ce ciwon ne, a taɓa mararsa, sau da yawa fitsari ne ya taru, robar fitsari kawai za a sa ya yi barci.

Sai maganar ɓoye masa. A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye, ban goyi bayan a yi masa ƙarya ba, ban kuma goyi bayan a je a zazzage masa komai a ka ba tare da ya nema ba. Mutumin da ke ganin jikinsa na zubewa, ana kai shi sikanin ana dawowa ana ƙus-ƙus a bakin ƙofa, kina ganin bai sani ba? Akwai wani bawan Allah da 'ya'yansa suka tare ni a waje suka ce dan Allah Sista kar ki faɗa masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce ba zan faɗa masa abin da bai tambaya ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Na shiga ina gyara masa filo, ya bari sai da suka fita, ya kama hannuna ya ce 'yata, na san inda aka dosa, amma kar ki faɗa wa yaran nan, ba za su iya ɗauka ba. Kinga kowa na gadin kowa, kowa na kuka shi kaɗai. Da aka samu suka zauna tare, a mako biyun da suka rage ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wanda zai nema. Da an ci gaba da wasan ɓuya duk wannan da ya tafi da shi.

Yadda muke yi shi ne mu tambaya mu yi shiru. Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Kana so likita ya yi maka bayani dalla-dalla, ko ka fi so a yi da mu mu riƙa faɗa maka abin da ka tambaya? In ya ce ku ji da shi ni ba na son sani, shikenan, haƙƙinsa ne, a bar shi. In ya ce yana so, a faɗa masa kaɗan-kaɗan daidai yadda yake tambaya. Daga nan sai tambayar da ta fi kowacce, me ya fi damunka yanzu, me kake so ka samu yi? Amsar takan ba mu mamaki, wani barci kawai yake so, wani so yake ya koma ɗakinsa, wani so yake hankalinsa ya zauna daram don ibada ko da zai ɗan ji ciwo, sai mu daidaita maganin a kan haka. Tun yana da ƙarfin magana ku ji daga bakinsa wa yake so ya yanke hukunci a madadinsa in ya kasa, a gida yake so ko asibiti, in zuciya ta tsaya yana so a danna ƙirji a sa shi a na'ura ko a'a. Ki sani a ciwon daji da ya bazu haka, danna ƙirjin nan da wuya ƙwarai ya dawo da mutum, sau da yawa karayar haƙarƙari kawai ake samu. Kuma don kar yayanki ya ji wata magana a waje ya haɗa, wannan aikin ba shi da alaƙa da allurar kashe marar lafiya da ake muhawara a kanta a wasu ƙasashe, ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba faliyatif ta faɗa ƙarara cewa ba a nufin gaggauta mutuwa, ba a kuma nufin jan ta.

Abinci shi ne inda ake yawan faɗa da mu. Zai rage ci, daga baya ya daina, kuma za ki ji kamar kuna barinsa da yunwa. Ciwon ne ke canza yadda jiki ke sarrafa abinci, ko an ɗura ba ya zama tsoka, kuma yawancinsu ba sa jin yunwar da muke zato. Ɗura na kawo amai da kumburin ciki, in haɗiya ta yi rauni kuma ya ƙware abin ya tafi huhu. A ba shi abin da ransa ke so, loma biyu ma ta yi, yana zaune, in ya kau da kai a ƙyale shi. Ƙarin ruwa ta jijiya wani lokacin yana taimakawa, amma a kwanakin ƙarshe yakan taru a huhu da ƙafafu ya ƙara masa wahala, shi ya sa muke duba kowa da halinsa. Bushewar baki ce ke damunsu, jiƙa bakin ya fi leda uku ta ruwa.

Za ki so ki tambayi saura nawa, kowa na tambaya. Ba wanda ya san wannan sai Allah, mu kanmu hasashenmu na kuskure. Abin da muke dubawa dai shi ne saurin canji, in daga wata zuwa wata kike ganin bambanci to ana maganar watanni, in daga mako zuwa mako makonni, in kullum sai kin ga ya canza to kwanaki ne, a kira na nesa. A ƙarshe barci zai yi yawa, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙu ya dawo, wani lokacin a ji kakari a maƙogwaro saboda yawun da ba ya iya haɗiyewa. Ƙarar ta fi damun masu ji fiye da shi, a juya shi gefe, akwai kuma maganin da ke rage ta. In ya kasa haɗiye magani ba a daina ba, ana komawa allura ta ƙarƙashin fata, ku tambayi wannan tun kafin lokacin don kar dare ya same ku ba komai a hannu. Ku ci gaba da yi masa magana, muna ɗauka yana ji har ƙarshe, don haka ba a maganar da ba za a so ya ji ba a kansa.

Ke kuma, daga yadda kika rubuto na gane ke ce ke ɗauke da jinyar. Ku raba kwana, a rubuta wa ke dare wa ke rana, yayanki ma a ba shi nasa, sau da yawa mai yawan musu wanda bai samu abin yi da hannunsa ba ne. In wata rana kin ji a ranki kin gaji har kina fatan Allah ya yanke masa wahala, sannan kika ji kin tsani kanki, ki sani kusan duk mai jinya mai tsawo ya taɓa jin haka, ki faɗa wa nas ɗinku, ku ma kuna cikin waɗanda aka ɗora mana kulawa da su, har bayan rasuwa. Wasu wuraren suna karɓar marar lafiya na 'yan kwanaki don mai jinya ya huta, ki tambaya ko akwai. Yara kuma kar a ce musu Kaka ya yi tafiya ko yana barci, a faɗa musu da kalmomin da za su gane, in suna so su shiga su gaishe shi a bar su.

Ranar da za ku fara ganin masu faliyatif ɗin ki tafi da yayanki, ki bar shi ya yi tambayar mofin da bakinsa, mun saba, ba mai jin haushi. Ki zuba duk magungunan da Baba ke sha a leda ɗaya har da waɗanda ba likita ya rubuta ba, ki ɗauki littafin nan naki da takardun sikanin, kuma kar ku fito sai kun karɓi lambar da za ku kira in abu ya taso da tsakar dare.